Taubashina da Ɗakin Nakiya

Kamfanin da ya zo gyaran hanyar da ta ratsa ƙasarmu bai gama aikinsa ba. Ba a daɗe da yanke mana jiha ba muka wayi gari manyan motocinsu suna ficewa ɗaya bayan ɗaya, aka ce kuɗin aikin ne suka tsaya daga sama. Sun kwashe katafila da injin niƙa dutse har da tankunan ruwa, amma sun bar ɗakin da suke ajiye nakiyar fasa dutse. Nakiya ba a ɗaukarta kamar buhun gero, sai da takardar izini da rakiyar 'yan sanda, su kuma suna sa ran dawowa. Sai suka kulle ɗakin, suka ba wani ɗan kwangila na Anka aikin kula da shi.

Ɗakin yana gindin wani dutse gabas da ƙauyenmu, a ƙasar Bukkuyum. Ginin siminti ne marar taga, sai 'yan kafofin iska can sama da jar ƙofar ƙarfe, an kewaye shi da waya mai ƙaya. Gonar da na gada wajen mahaifina ta yi iyaka da wayar ta yamma. In na kai ƙarshen kunya na miƙe, shi nake fara gani.

Ranar da aka ce ɗan kwangilar zai zo ɗaukar masu sintiri, na sa rigata ta Juma'a. A ganina aikin nawa ne tun kafin a tambaya. Wa ya fi ni kusa? Na yi firamare, ina iya rubuta sunana da kwanan wata, kuma ban taɓa cin albashi ba a rayuwata. A hanya na haɗu da taubashina, ɗan ƙanen Inna. Sa'ana ne, wanzami ɗaya ya yi mana kaciya. Dogo ne mai wushirya, irin mutanen da in suka shigo zaure sai ka ga kowa ya fara murmushi tun ba su ce komai ba. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yara ba ya kirana da komai sai bawansa.

"Bawana, ina zuwa da wagga riga? Aure za ka ƙara?"

Na gaya masa. Ya ce bari ya raka ni, daga can ya wuce ya sayi goro. Rakiya ya zo, wallahi, ko hula babu a kansa.

Mun iske ɗan kwangilar zaune cikin mota, ƙofa buɗe, ƙafa ɗaya a ƙasa, samari sun kewaye shi. Taubashina ya dubi tayoyin motar, ya yi wata magana a kan ramukan da kamfanin ya bar mana gado, mutumin ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya tambaye shi ko ya iya babur, ya ce ya iya. Ya tambaye shi karatu, ya ce ya ɗan taɓa sakandare a Gummi kafin noma ya kira shi. Shi ke nan, an ɗauke shi. Da aka zo kaina, wani ya yi mini karambani, ya ce ai wannan shi ad da gonar da ke jikin wayar.

"To kai ai kullum kana nan," in ji ɗan kwangilar, "ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, don na rasa yadda zan yi da fuskata.

Su uku aka ɗauka, taubashina ne shugabansu. Aikin ba wani mai wuya ba ne. Safe da yamma mutum zai zagaya wayar ya ga ko an yanke ta, ya shiga ya taɓa makullin ƙofa, ya duba bokitan yashi da aka rataye don kashe wuta, ya tabbata ciyawa ba ta taso ba ciki da kewaye. In ya gama ya rubuta abin da ya gani a littafin sintiri, ya sa hannu. Ƙarshen wata a kai littafin Anka, a karɓo albashi. Aka ba su kaki da takalmi sawu-ciki da usur. Shugaba kuma aka haɗa masa da babur.

Ban san yadda zan kwatanta abin da ƙarar babur ɗin nan ta riƙa yi mini ba. Ina duƙe cikin dawa zan jiyo ta tun daga rafi, sai in ji hauyar ta yi mini nauyi. Zai faka a inuwar tsamiya, ya sauko a hankali, ya gyara bel, ya zagaya wayar hannuwa a baya kamar wani di'o. In ya iso ɓangarena ya ɗaga murya, "Sannu da rana, bawana! A yi noma da kyau, ubangidanka na cin tuwo." Wasa ne irin wanda muka saba, ni ma da ina da amsa a bakina kullum. Amma tunda ya sa kakin nan amsar ta daina zuwa.

A gida ma ban huta ba. Mai ɗakina, wadda ba ta cika magana a kan maza ba, ta ce wata rana tana tankaɗe, "Kai, kakin nan ya karɓe shi." 'Ya'yana in sun ji babur sai su watsar da abin da ke hannunsu su bi shi a guje. Duk wannan mai sauƙi ne a kan na Inna. Ita dama tana son ɗan ƙanenta, tun da ita ta goya shi lokacin da mahaifiyarsa ta yi doguwar jinya. Ƙarshen wata zai shigo ɗakinta da ƙullin sukari da sabulu mai ƙamshi, ya zauna bakin gadonta yana ba ta labarin Anka, tana dariya har da hawaye. In ya tafi ta kira maƙwabta ta nuna musu.

"Ɗan ƙanena ma'aikaci na," take cewa. "Allah shi yi mai albarka."

Geron da take ci daga rumbuna yake fitowa, itacen da take jin ɗumi ni nake sarowa, rufin ɗakinta ni nake hawa in gyara kowace bazara. Ban taɓa jin ta kira maƙwabta ta nuna musu damin gero ba.

Daminar farko sun yi aiki, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sun share ciyawa, sun cika bokitai. Daga nan abin ya fara sanyi. Kamfani shiru, ɗan kwangila bai sake leƙowa ba, albashi kuma yana zuwa ko an zagaya ko ba a zagaya ba. Sintirin yamma ya fara ɓacewa. Na safe ya koma tsayuwa a bakin gonata, injin babur ko kashewa ba a yi ba.

"Bawana, lahiya dai wurin?"

"Lahiya."

Sai ya zaro littafi daga jaka, ya ɗora a kan tanki, ya rubuta, ya juya. Daga baya ko wannan ya daina. Sai mu haɗu a masallacin Juma'a ko a kasuwar Adabka ya tambaye ni ko akwai wani abu, in ce babu. Ashe maganar ɗan kwangila ta tabbata, ni ne mai sintirin, wani ke karɓar albashin.

Shi kuwa lokacin da ya samu bai yi wasa da shi ba. Ya karɓi aron fadama wajen Gummi ya shuka shinkafa. Ranar kasuwa ya cire kaki ya sa riga, ya yi ta jigilar mutane a kan babur ɗin kamfani, hanya kuwa ba mota ke son ta ba, fasinja har jira suke. Ya yi ƙiba, wuyansa ya cika. Ya sayi rediyo mai kaset.

Yadda suke cika littafin ba a ɓoye yake ba. Ana gobe za a kai shi Anka, su ukun za su zauna a teburin mai shayi da hantsi, da biro shuɗi da baƙi da ja, don kada a ga rubutun zama ɗaya ne. Wannan ya sa hannu, ya miƙa wa wancan. Taubashina ne mai tsara magana. Yakan ce kullum "babu matsala" zai sa a yi zargi, sai ya ƙirƙiro abin da ya faru: ran kaza an kori awaki daga jikin waya, ran kaza an kashe maciji a bakin ƙofa. In sun gama ya ɗebi ƙasa ya murza a gefen shafukan, ya ɗiga shayi a wani wurin. Masu zaman teburin suna ta dariya, wani ma ya ba da shawarar a sa kura. Ina gefe da kofina, ina kallon yadda kowa ke sha'awarsa yana yin abin da in ni na yi, ɓarawo za a kira ni.

Ciyawa kuwa ba ta san da littafi ba. Gamba ta taso cikin wayar har ta kai ƙirjin mutum. Ni nakan share ɓangaren da ya yi iyaka da gonata, don amfanina. Da kaka ta matso na tare shi na ce ciyawar nan ta bushe, a zo a share.

"To ai kai ka iya hauya," ya ce. "Mi ad amfanin bawa?"

Na kai maganar wajen Inna. Na ce mata nakiya ce a ɗakin nan, wadda ke tsaga dutse gida biyu, in ta tashi ba gonata kaɗai za ta ci ba. Ta saurare ni tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago ba.

"Tun ranar da aka ba shi baburin ga ba ka sake dariya da shi ba," ta ce. "Hassada ga mai rabo taki ta. Ka bar ɗan'uwanka shi ci arzikinai."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ta yi ƙarya ba. Ina ƙyashinsa, har cikin ƙashina. Amma kuma ba ya zuwa sintiri. Duka biyun gaskiya ne, sai dai duk wanda na gaya wa ta biyun, ta farkon yake ji.

Wata ranar kasuwar Anka na shirya na tafi wajen ɗan kwangilar. Na same shi a shagonsa na kayan gini. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya jawo littattafan watannin baya daga kan kanta, ya buɗe mini shafi bayan shafi.

"Ga shi nan, kullum suna zuwa. Har maciji sun kashe." Sai ya ƙura mini ido. "Tsaya. Ba kai ba ne mai gonar nan da ban ɗauka ba?"

Na ce ni ne. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya warware wani lissafi, ya rufe littafin, ya juya wajen mai sayen ƙusa.

Na fito na nufi tasha, ba mota. Ina tsaye a rana ina jin kunya tana bin jikina, sai ga ƙarar da na fi sani a duniya. Taubashina ne, ya sauke fasinja. Yaron shago ya riga ya kai masa labari. Na shirya wa faɗa, na ma so a yi shi, ko na samu abin riƙewa. Sai ya matso da babur gabana yana murmushi.

"Hau mu tahi gida, bawana. Ka kai ƙarata ka rasa na mota?"

Na hau. Duk tsawon hanyar nan mai ramuka ina riƙe da ƙugunsa, yana ba ni labarin shinkafarsa, bai ƙara ta da maganar ba. A wani ƙauye ya tsaya ya saya mini rake. Ban taɓa shan rake mai ɗaci irin wannan ba. Inna ta yi kwanaki tana amsa gaisuwata da ka, kawu, mahaifinsa, kuma ya aiko a ce mini ya ji, ya gode.

Wutar ta zo bayan an yanke dawa, dammunana suna jingine a gona ban kwashe ba. Da tsakar rana ne, ana iska. Wasu sun ce masu farautar gafiya ne suka cinna, ba a taɓa tabbatarwa ba. Na hango hayaƙi ta bayan dutsen, kafin in gama tantance inda ya nufa na ji ƙarar karare suna fashewa. Na ruga gari ina kururuwa.

Da mutane suka ji inda wutar ta dosa, kowa ya fara neman nasa. Mai gari, tsoho ne amma muryarsa na nan, ya tsaya bakin masallaci ya ce mata da yara su yi gulbi, maza kuma kowa ya ɗauko hauya. Wani ya ce a gudu kawai. Mai gari ya ce rumbunan gari fa, a kai za a ɗauke su? Muka tafi. Maƙwabcinmu Bafulatani da ke mashekari kusa da dutsen ya riga mu isa, shi da 'ya'yansa, sun saro rassan kalgo ɗanye.

Ƙofar wayar a kulle, mabuɗi yana aljihun taubashina, taubashina yana Gummi wajen sussukar shinkafa. Sauran masu sintirin biyu, ɗaya yana cikinmu, ɗayan ba wanda ya san inda yake. Muka sare wayar da gatari. Na ruga wajen bokitan yashi, na taɓa na farko sai gindinsa ya zube, tsatsa ta cinye shi. Na biyu ƙadangare ne ya fito daga ciki.

Abin da ya rage shi ne mu yanke gambar mu ja ta baya, mu tone ƙasa tsakanin ɗakin da wutar. Ba ka ganin na kusa da kai saboda hayaƙi, sai tari da salati. Duk wanda ya ɗaga hauya ya san abin da ke bayansa, bango ɗaya ne tsakaninmu da shi. Wutar ta tsallako wayar ta gabas, ta kama abin da ba mu kai ga yankewa ba, ta zo har fentin ƙofar ya kumbura yana ɓarewa. Muka yi ta dukanta da ganye, muna watsa ƙasa da hannu. Can iskar ta karkata, Allah ya sa, ta kwashi wutar ta yi yamma da ita. Yamma kuwa gonata ce. Inda na share ya rage mata ƙarfi, amma tartsatsi ya haye. Ina tsaye ina kallo dammunana na gefen nan suka kama. Wajen jan waɗanda suka saura ne hannuna na dama ya ƙone daga wuyan hannu zuwa gwiwa.

Wajen la'asar, wuta ta mutu sai kututture ke hayaƙi, muka ji babur. Taubashina ne, wani ya kai masa labari. Ya iso cikin kaki, ban san inda ya tsaya ya sa shi ba. Fuskarsa ta nuna ya tsorata ƙwarai, wannan na gani da idona. Ya fizgi reshe ya shiga dukan sauran garwashi, nan da nan toka ta rufe shi. Ba a jima ba motar 'yan sanda ta iso tare da mutanen ƙaramar hukuma. Suka dubi taron mutane baƙi ƙirin da toka, suka nufi mai kaki. Shi ya yi musu bayani, ya nuna inda wuta ta shigo da inda aka tare ta, kuma ya iya bayani. Babbansu ya kama hannunsa ya girgiza, ya ce da irinsu ake alfahari. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ina zaune a kan dutse riƙe da hannuna, zafin ƙunar daban, wancan zafin daban.

Inna ce ta yi mini jinya. Ta shafa zuma a hankali da gashin kaza, tana hura mini, tana faɗa a kan wa ya ce in sa hannu cikin wuta saboda dawa. Na lumshe ido ina jin daɗin faɗan. Sai maƙwabciya ta leƙo jaje, na ji Inna na ce mata, "Ke dai bari. Da ba don Allah ya kawo yaron ga da baburinai ba, da yanzu wani zance aka yi."

Labarin wutar ya kai kunnen kamfani. Bayan 'yan makonni suka zo da wani jami'i mai kula da harkar nakiya, siririn mutum mai furfura, ba ya ɗaga murya. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar mai gari. Ɗan kwangila ya zo, masu sintiri uku suka zo cikin kaki wankakke. Jami'in ya karɓi littafin watan, wanda 'yan sanda suka riƙe tun ranar wutar, ya buɗe ya karanta a fili. Ranar gobarar an rubuta cewa an zagaya safe da yamma, ciyawa a share, babu matsala. Kwanakin da suka biyo baya ma duk an cika su har ƙarshen wata, saboda shugaban ya san sussuka za ta riƙe shi. A ƙasan kowane mako kuma ga sa hannun ɗan kwangila, wai ya zo da kansa ya duba.

Aka tashi aka tafi ɗakin. Jami'in ya ce a buɗe ƙofa. Taubashina ya zura mabuɗi, ya ƙi shiga, zanzaro ya yi gini a ramin. Da aka tsokale aka murɗa, mabuɗin ya karye a ciki.

"Yaushe rabonka da taɓa makullin nan?"

Taubashina ya ce, "Ranka shi daɗe, na daɗe. Duk wanda na kai ma aikin ga, takarda shika tambaya. Ba wanda ya taɓa tambayata ɗakin."

Aka tambayi wa ya fi kusa da wurin, aka nuna ni. Jami'in ya dubi hannuna da ke naɗe, ya ce in faɗi abin da na sani. Kawu yana zaune gabana, ya kafa mini ido. Na ce da farko suna zuwa, daga baya suka rage, daga baya suka daina. Na ce na faɗa wa shugabansu, na kuma je Anka na faɗa. Ɗan kwangilar ya sunkuyar da kai. Ban ƙara ko kalma a kan abin da ya faru ba, ban kuma rage ba.

Aka karɓe kwangilar, aka sallami su ukun, aka karɓe babur da kaki. 'Yan sanda sun tafi da taubashina, amma mai gari da kawu suka bi baya, bai daɗe ba aka sako shi. Ranar da ya dawo ya biyo ta gonata a ƙafa. Ya tsaya ya dubi inda dawar ta ƙone, ya daɗe yana kallo. Ya ce in yafe masa, na ce na yafe. Har ya juya sai ya waiwayo.

"Gaskiya ka hwaɗi, bawana. Amma ka ji daɗin hwaɗinta."

Ban musa ba.

Kamfanin ya ce in riƙe wurin kafin su shirya kwashe kayansu. Aka ba ni kakin taubashina, wandon ya yi mini tsawo sai da aka naɗe. Babur kuwa aka ce ba na buƙata, tunda gonata na kusa. Na yi sintirin nan safe da yamma, na share kewaye tas, na sa aka kawo sababbin bokitai. Ba wanda ya fito kallona. Inna ta dube ni ranar farko ta ce in cire kafin in shigo mata ɗaki. Tun damina ba ta faɗi ba manyan motoci suka zo da 'yan sanda, aka kwashe nakiyar, aiki ya ƙare.

Shi kuwa shinkafarsa ta yi kyau a shekarar. Ya sayi babur nasa na kansa. Da haƙar zinariya ta kankama a dazuzzukanmu, baƙi suka cika ko'ina, shi ne ke kai musu abinci da ruwa a ramuka. Daga nan ya koma sarin shinkafa, ya gina gida a Gummi mai rufin kwano da famfo a tsakar gida. Maganar littafin ta zama labarin da yake ba mutane da bakinsa, su yi ta dariya, har da macijin.

Da ciwon ƙarshe ya kama Inna, asibiti a Gummi yake, gidansa kuma kusa da asibitin. Shi ya zo ya ɗauke ta. Ba zan rage masa komai ba a nan. Ya ba ta ɗakin da ya fi kowanne iska, matarsa na dama mata kunu, shi yake ɗaga ta ya zaunar, shi yake kai ta wajen likita. Ni ina zuwa in kwana biyu in koma, saboda gona da iyali. Duk zuwan da na yi sai in iske shi zaune a ƙasa kusa da ita yana matsa mata ƙafa, tana ba shi labarin ƙuruciyarsa. In na shigo ta ce, "Ka zo? Ya gida?" ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Ranar da ta cika ina hanya. An aiko tun da safe cewa jikin ya yi tsanani, motar da na shiga ta lalace a tsakanin ƙauyuka. Da na isa an riga an yi mata wanka. A hannunsa ta rasu, shi ya laƙƙana mata kalmar shahada, shi ya rufe mata ido. Ya tarye ni a ƙofar gida, ya rungume ni yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa, "Innarmu ta tahi, ɗan'uwana." Na riƙe shi, ina jin kafaɗunsa suna rawa. Ni hawayen ma sun ƙi zuwa. Abin da ke yawo a raina shi ne, ko wannan ma shi ya samu.

A can muka binne ta. Masu ta'aziyya suna shigowa su fara miƙa masa hannu, tunda gidansa ne, sai shi ya nuna ni ya ce ga ɗanta nan. Na zauna har aka share makoki, sa'annan na yi musu sallama na koma gida, lokacin gero ya isa yanka.